Tsawon Uba

A filin besbol, wasan da ake jefa ƙwallo ana dukanta da sanda, na wata sakandare a jihar Jojiya ta Amurka na ji su, wani mai zaɓo wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa da wani gajeren mutum cikin rigar kanikanci.

Gajeren ne ya fara. "Malam, har ka ajiye na'urar auna gudun ƙwallon? Yaron nan Pruitt ya fitar da mutum tara, ko ɗaya bai iya dukan ƙwallon da ya jefa ba!"

"Na gani. Gudun mil tamanin da takwas a awa yake jifa. Mu casa'in da biyar muke nema."

"To ku ɗauki mota mana! Shekara goma yana jifan bangon gareji, kai ka yanke masa hukunci kafin ka gama cin gyaɗarka?"

"Kwantar da hankalinka. Ba yaron yau muke dubawa ba, na shekara biyar gaba. Shi ya sa muke kallon uba."

"Uba? Ɗan maraƙi kuka zo saya?"

"Jini ba ya ƙarya. In uban gajere ne, yaro ya gama tsawo, sai in soke sunansa. Amma ka ga dogon can mai jar hula da ya kawo shi? Saboda shi zan kai sunan gaba."

"Wannan ai wulaƙanci ne! Wanda ya yi ta cafe masa ƙwallo har yatsunsa suka karkace fa?"

"Babu wannan a takardata. Da alama ka san su. Dogon ubansa ne?"

Gajeren ya dubi karkatattun yatsunsa, ya cusa su a aljihu.

"Ubansa ne. Rubuta."