Rami Goma Sha Takwas, Kowanne da Mai Shi

Mai girma shugaban taro kuma shugaban Jami'ar Kettle Prairie, Dakta Wendell Pruitt; mai girma ma'ajin jami'a, wanda na ga ya ajiye cokali tun da aka kira sunana; manyan baƙinmu masu hannu da shuni, musamman Mista Orville Tackett mai kamfanin taraktoci da uwargidansa; tsofaffin ɗalibai, iyaye, da sauran jama'ar da suka biya dala ɗari biyar don cin kaza da dankali: barkanmu da yamma.

Sunana Darlene Hostetler, ni ce kocin 'yan matan golf na wannan jami'a. An ce in tashi in yi godiya a kan sabuwar ƙofar filinmu, in kuma taɓa maganar kuɗi sama-sama. To, yabon gwani ya zama dole. Mista Tackett, mun gode da ƙofa. Tunda nake ban taɓa ganin ƙofar da ta fi gidana tsada ba sai ita.

Magana ta farko, mu masu arziki ne, kada wani ya ce muku ba haka ba. Filinmu rami goma sha takwas ne, kowane rami da allon tagulla ɗauke da sunan wanda ya ba da kuɗinsa. Benci da mai shi, famfo da mai shi, bishiya da mai ita. Har ramin yashin da ƙwallo ke faɗawa in an yi kuskure, wani likitan haƙori ya saya ya sa masa sunan surukarsa. Kun kuma san ƙa'ida: kuɗin da aka bayar don benci, benci zai ci su har abada, lauyoyi sun sa hannu. Asusun bencinmu kaɗai, ko jikokinmu ba za su ga ƙarshensa ba.

Magana ta biyu, mu matalauta ne. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! 'Yan matan da ke buga wasa a wannan fili, su huɗu suke kwana a ɗaki ɗaya in mun je gasa. Kek muke gasawa mu sayar a bakin coci don mu sayi ƙwallaye. Bara motarmu ta mutu a hanyar Iowa, tsakiyar gonakin masara, yaran suka sauka suka tura ta sanye da rigunan da ke ɗauke da tambarin jami'a. Da muka dawo na je ofishin Mista Tackett, mutumin kirki ne, har kofi ya zuba min da hannunsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙofa muke nema ba, kuɗin mai muke nema." Ya yi dariya ya ce, "Haba Darlene, 'yata! A ina za a manna sunana a jikin fetur? Ƙonewa fa yake yi." Wallahi ban ga laifinsa ba. Gaskiya ya faɗa, fetur ƙonewa yake yi.

Magana ta uku ita ce ta hana ni cin kazata. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kwamitin kuɗi ya zauna, ya duba, ya gano cewa abu ɗaya ne tak a harkar golf ɗinmu da babu lauyan da ke tsaronsa, wato 'yan wasan. Saboda haka daga ƙarshen wannan zango an rushe ƙungiyar, an soke tallafin karatunsu. Fili kuwa yana nan daram, domin yarjejeniya ta ce dole a shayar da ciyawa, a aske ta, a goge allunan tagulla. Za a ci gaba da yi wa ciyawa hidima, ku kwantar da hankalinku.

Yawancin yaran iyayensu za su iya. Mutum ɗaya ce ba za ta iya ba. Kalia Vang, shekara ɗaya ta rage mata ta gama karatun jinya. Mahaifinta a masana'antar cuku yake aiki, ita ce ta fari a gidansu da ta taka jami'a, kuma sandar golf ce ta kawo ta. Ɗazu da rana na kira ta na faɗa mata. Sai ta ce, "Koci, to aikin liyafar yau fa, har yanzu ana bukatata?" Na ce ana bukata. Ga ta can bayan teburin ma'aji riƙe da butar ruwa, ita ke cika muku kofuna tun ɗazu. Kalia, yi haƙuri, na san ba ki son a kalle ki. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye ba.

Kuɗin shekararta bai kai na fitilu biyun da ke saman ƙofar can ba. Sai dai in gargaɗe ku tun da wuri: wanda ya biya, ba allo, ba hoto a jarida, ba almakashin yanka ƙyalle. Yarinya ce kawai za ta gama makaranta ta tafi abinta.

Mai girma shugaba, ka roƙe ni in bar kaza cikin gashinta har sai an gama rubuta cek. Ka gafarce ni. Na ga gara su ji tun alƙalamin yana hannunsu.

Allah ya ƙara muku arziki, ya raya ciyawarmu, ya tsare tagullarmu daga tsatsa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah kuma ya sa a cikin wannan ɗaki akwai mutum ɗaya da zai iya yin alheri ba tare da an kafa ƙusa an rataya allon sunansa ba.

Na gode.