Jaridar Naɗe Kifi

A kasuwar Kadis ta ƙasar Sifen, shekarar da mata suka fara jefa ƙuri'a, ina layin mai kifi a bayan wata tsohuwa.

"Baiwar Allah, kada ki naɗe min a wannan takardar."

"Haba Iya, jaridar matan Madrid ce, masu son shiga majalisa. Amfaninta ke nan."

"'Yata Amparo tana rubutu a ciki. Tunda ta tafi karatu ban ƙara ganinta ba. Zuba kifin a kwando, ki ba ni takardar a bushe."

Mai kifin ta goge hannunta. "Ni ma na so makaranta, babana ya hana. Nuna min sunanta in gani."

"Ai ban iya karatu ba, 'yar nan. Shi ya sa nake ajiye jaridar duka."