Wilin Ko Lanƙwasa Bai Yi Ba

A shagon kayan keke, wani mai hannu rataye a wuya ya ga wani saurayi yana latsa siririyar taya, ya taɓe baki.

"Malam, da wannan za ka gangaro daga kan dutse? Ai leda ta fi ta ƙwari."

"Marar nauyi nake so."

"Ku 'yan zagayen unguwa ke nan! Nemi mai kauri, da wili irin nawa. Kwanan nan na daki dutse da gudu, wallahi ko lanƙwasa bai yi ba."

Saurayin ya dubi bandejin. "To hannun fa?"

"Hannu ai ana ɗora shi. Wili kuwa in ya lanƙwashe, sai bola."

"Allah ya sawwaƙe, Yaya. Mai shago, ba ni siririyar da wilinta. Na fi son keken ya riga ni karyewa."