Kalmar da Ta Bar wa Karen

A ɗakin jira na asibitin dabbobi, wani dattijo na ta fama da igiyar karensa, wata matashiya mai kyanwa a kwando tana kallonsu.

"Baba, ba ya jin magana ne?"

"Da can yana ji, 'yata. Matata ce ta horar da shi. Da zarar ya zauna sai ta ce 'yauwa', ta miƙa masa ɗan nama. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, ya daina saurarena. Ɗana ya ce in ya sake ture jikata, sai dai a bayar da shi."

"Allah ya ji ƙanta. Kai ma kana ce masa 'yauwa'?"

"Kullum."

"Kana ba shi naman?"

Dattijon ya girgiza kai. "Ni fa ko waya nake yi, 'yauwa' ce a bakina. Da farko yakan taho a guje, ya tsaya yana kallon hannuna."

"Ka gani? Alkawari ta yi masa da kalmar nan, kai kuma kana ta saɓawa. Zaɓi sabuwa. Ka faɗe ta daidai lokacin da ya yi abin kirki, naman ya biyo baya nan take."

Ya daɗe yana shafa kan karen.

"A'a, ba zan canza masa ba. Ita ta zaɓa. Ni ne zan koyi kama bakina. Daga yau mutane su yi haƙuri da 'to', 'yauwa' tasa ce shi kaɗai."