Kujera Biyu Kacal

A ɗakin jiran likitan ƙashi, wata tsohuwa na murza gwiwa sai ta ji matar da ke gefenta ta ja tsaki tana leƙen waje.

"Mama, dubi jar motar can. Kujera biyu kacal! Motar marowaci."

Tsohuwa ta gyara zama. "Ta ɗana ce. Ɗaya kujerar tawa ce."

"Au, yi haƙuri! To me ya sami gwiwar?"

"Motar ce, 'yar nan. A ƙasa take kamar tabarma. Duk shiga da fita sai na ji ƙas."

"Ai sai ki daina shiga."

"In daina? Alhali matan da na shekara ashirin ina yi wa wankau suna leƙowa ta taga? Likita dai ya nemo magani!"