Falona Ya Koma Ɗakin Opera

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da masu sauraro.

Ni ce Hajiya Rabi, tsohuwar malamar makaranta daga Damagaram, mazauniyar garin Bron a Faransa. Shekaruna saba'in da tara, ni kaɗai nake zaune, kuma ba na buƙatar tausayin kowa.

Kwanan baya Nafisa, 'yar maƙwabtana, ta ce mini, "Kaka, ina da audition a Paris." Ni da na tsufa ina koyar da Faransanci, sai na ɗauka gwajin kunne ne, har na shiga yi mata sannu! Ta yi dariya har da hawaye. Ashe wata gidauniya mai tallafa wa matasan mawaƙan opera ce za ta saurari muryarta, in ta dace a ɗauki nauyin karatunta.

Sai dai ba ta da wurin atisaye. Da ta ɗaga murya, sai maƙwabcinsu na sama ya hau dukan daɓe da sanda. Falona kuwa a kan gareji yake, nesa da kowa.

Ina gaida ƙawayena na Belleville. 'Ya'yana kuma, masu cewa hayaniya za ta gajiyar da ni, su ji ta rediyo: na riga na ba ta mabuɗi, tun Litinin take waƙa.