Kan Aksul na Madam Nawal

A kasuwar kayan mota ta Harafiyyin, a Alƙahira, Usta Shahata ya jera wa wani dattijo mai kwat kan aksul guda biyu, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya tayoyin mota, kamar an tsaga kara.

"Basha, tsohuwar motar tsere ba a yi mata kame-kame. Ka ƙirga haƙoran wanda ya lalace?"

"Arba'in da ɗaya."

"To na daman ne naka. Ana taka mai za ta zabura kamar an tsikari doki."

"Na hagun fa?"

"Malalaci ne. Zai zauna daram, amma mai amalanken wake ma sai ya wuce ka yana ɗaga maka hannu."

"Shi nake so."

Shahata ya dire kofin shayinsa. "Haba Basha! Mutumin da ya tauna haƙoran ƙarfe kamar gyaɗa, yau shi ke tsoron gudu?"

"Wa ya ce ni ne? Matata ce, Madam Nawal. Ni a gefe nake zama, ina kalmar shahada tun daga ƙofar gida har Suwes."

"Wallahi kafin ta sa giya ta biyu za ta gane. Kuma ba kai za ta fara nema ba, ni ne."

Dattijon ya daɗe yana kallon na hagun kamar mai bankwana da masoyi.

"Ɗaure min na daman," ya ce. "Kana da bel ɗin kujera mai ƙwari?"